Sabon Aiki, Doguwar Hanya: Halin Da 'Ya'yanmu Masu Koyon Aiki Suke Ciki A Abuja

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Mararaba da ƙarfe biyar na asubar Litinin ba ya bukatar a ba shi labarin yadda ake neman abinci a Abuja. Gari bai waye ba, amma jama'a sun riga sun yi dafifi a gefen hanya, wasu da jaka a rataye, wasu da kwanon abinci a leda, kowa ya zuba ido ga fitilun motocin da suke tahowa daga wajen Masaka. Da mota ta rage gudu sai ka ga mutum goma sun yi kan ƙofa ɗaya. Masu iya magana sun ce in kana taƙama da sammako, wani a hanya ya kwana, kuma a nan ne mutum yakan ga gaskiyar maganar da idonsa.

A cikin wannan taro akwai waɗansu da ba a cika lura da su ba, watau waɗanda suka sami sabon aiki amma har yanzu suna cikin horo. Akwai yarinyar da ta gama makarantar jinya ta soma aiki a asibiti, da saurayin da banki ya ɗauka yana kwas kafin a ba shi kujera, da mai bautar ƙasa, da sabon malamin makaranta, da yaron da aka kai koyon aikin lantarki a Wuse ko Utako. Da yawa daga cikinsu 'ya'yanmu ne. Mun gan su ran Lahadi sun fito gaban majami'a tare da iyayensu suna rawar godiya, fasto ya sa musu albarka, Zumuntar Mata ta yi guɗa. Abin da ba mu gani shi ne abin da yake biyo baya daga Litinin zuwa Jumma'a, sa'ad da sabon aikin ya zo da sa'a uku ko huɗu a cikin mota kowace rana.

Sau da yawa hanya ce take kayar da mai koyon aiki tun kafin aikin kansa ya gwada shi. Saboda haka dole a shirya mata kamar yadda ake shirya wa jarrabawa, kuma shirin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai gida ya sa hannu, ikilisiya ma ta sa hannu.

Yadda Aiki Ya Yi Nisa Da Gida

Ran 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka yi shekaru ana gini, sai ran 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, ma'aikatu kuma suka yi ta tasowa daga Ikko. Ma'aikata suka zo da iyalansu, 'yan kasuwa da masu sana'a suka biyo su. Gidajen cikin birni ba su ishi kowa ba, kuɗin hayarsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, ga shi masu gida sukan nemi kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule.

Wannan ya sa jama'a suka bazu zuwa garuruwan kewaye. Ta gabas akwai Nyanya, wadda ta soma a matsayin sansanin leburorin da suka gina birnin, da Karu ta Gbagyi, sa'an nan a shiga Jihar Nasarawa, a wuce Mararaba da Masaka har a kai Keffi mai nisan kimanin kilomita 50. Ta wajen Dutsen Zuma akwai Kubwa, Zuba, Madalla da Suleja ta Jihar Neja, wadda ita ce ainihin mai sunan Abuja kafin ta bar wa sabon birni sunan. Ta hanyar filin jirgin sama kuwa akwai Lugbe, Kuje da Gwagwalada. Rushe gidajen da aka gina ba bisa tsari ba, musamman tsakanin 2003 da 2007, ya ƙara tura mutane can waje.

Garuruwan kwana suna da yawa, amma ƙofofin shiga birni kaɗan ne. Mutanen gabas babban titi ɗaya suke bi, ta Nyanya da Kugbo zuwa mahaɗar AYA a Asokoro, shi ya sa tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a da tsakar dare takan ci sa'a biyu da safe. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, a 2013 kuma aka hana ƙananan bas ɗin nan da ake kira araba, watau mutum yakan shiga mota biyu ko uku kafin ya kai ƙofar ofis. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a Yulin 2018 ya tsaya a 2020, aka sāke buɗe shi a Mayun 2024, amma layinsa ta Idu ya bi zuwa filin jirgin sama da Kubwa, bai bi ta Nyanya ba. Sai kuma batun mai. Da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 kuma ta haye N1,000. Kuɗin mota ya bi bayanta.

Nauyin Ya Fi Yawa A Kan Mai Koyo

Wani zai ce ai kowa wannan hanya yake bi, me ya sa za a ware mai koyo? Dalili kuwa shi ne tsohon ma'aikaci ya riga ya san takan hanya. Ya san tashar da ake samun mota da wuri, yana da abokin aiki mai mota, ogansa ya san halinsa, hannunsa kuma ya saba da aikin har yakan yi shi ko da a gajiye yake. Mai koyo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Komi sabo ne a gare shi, daga sunayen mutane har inda ake ajiye fayil, ƙwaƙwalwarsa tana aiki tun safe har yamma, in ya dawo gida kuma akwai karatun da zai yi domin gobe.

Bugu da ƙari, a lokacin ne idon kowa yake kansa. A ofisoshi da yawa akwai littafin sa hannu, da lokaci ya cika sai a ja layi da jan biro, duk sunan da ya zo ƙarƙashin layin ya makara. A aikin gwamnati sabon ma'aikaci yakan yi shekara biyu ta gwaji kafin a tabbatar da shi. Bankuna sukan yi wa sababbin ɗauka kwas mai jarrabawa, wanda bai kai makin da aka sa ba sai ya koma gida. A asibiti kuwa, in mai aikin safe ta makara, wadda ta kwana tana aiki ba ta da ikon tafiya sai ta miƙa mata marasa lafiya, saboda haka makara ɗaya takan ɓata zumuncin da ake bukata domin koyo. Yaron shago ma ana so maigida ya tarar ya buɗe ya share.

Gajiya kuma takan haifi kuskure. Idon da bai sami barci ba yakan karanta 15 a wurin 1.5 a takardar magani, hannun da ya gaji yakan ƙirga kuɗi ba daidai ba, ko ya taɓa waya mai wuta. Kuskuren tsohon ma'aikaci akan ce tsautsayi ne, amma na mai koyo akan ce bai iya ba. Duk da haka shi ne mai mafi ƙanƙantar albashi a wurin, wani ma alawus kaɗai yake karɓa. Abin da ya fi ciwo shi ne ba ya iya faɗa a gida. An riga an yi godiya a majami'a, ƙanne suna kallonsa, ina zai sa fuskarsa ya ce abin ya fi ƙarfinsa?

A Zauna A Yi Lissafi

A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya lissafta ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshen ginin. Haka ya kamata mai sabon aiki ya yi da hanyarsa, da biro da takarda, tun kafin ranar farko.

Ga misali. A ce kuɗin mota zuwa da dawowa N2,000 ne a rana. In aka yi kwana 22 ana zuwa aiki a wata, ya zama N44,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 N70,000 ne, alawus ɗin masu bautar ƙasa kuwa N77,000 aka soma biya a Maris na 2025. Ka ga fiye da rabi ya tafi a kan titi kafin a yi maganar abinci. A ce kuma sa'a biyu ce zuwa, biyu dawowa. A wata ya zama sa'a 88, daidai da kwanakin aiki goma sha ɗaya masu sa'a takwas-takwas. Kowa ya sa nasa adadin a wurin waɗannan, ya ga abin da zai fito.

In lissafi ya fito fili, sai a gwada shi da waɗansu hanyoyi. Wani lokaci haɗa kuɗi da abokin kwas a kama ɗaki ɗaya kusa da wurin aiki ya fi sauƙi a kan kuɗin motar wata shida. Wani kuma ya kwana wurin ɗan'uwa a cikin gari daga Litinin zuwa Alhamis, ya koma gida ran Jumma'a. Wanda tilas ya riƙa zuwa kullum, ya gwada hanyar sau ɗaya ko biyu kafin ya soma aiki, amma a ranar aiki da kuma lokacin da zai riƙa fita, gama titin Asabar ba ya nuna halin titin Litinin. Zai tarar cewa rabin sa'ar da ya riga jama'a fita yakan rage masa sa'a guda a cikin cunkoso. Gara ya isa da ƙarfe shida da rabi ya zauna a wuri shiru ya yi bitar darasinsa, da ya ɓata wannan lokaci a gangaren Kugbo yana duban agogo. Da sanyin safiya ake kama fara.

Ranar da albashi ya shigo, a fara ware kuɗin motar wata a ajiye dabam kafin a taɓa komi, a kuma ɗora ɗan abin ko-ta-kwana a kai. Da damina, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ruwan asuba yakan tsayar da motoci, direbobi kuma su ƙara kuɗi. Safiyar Litinin da yammacin Jumma'a ma suna bukatar ƙarin lokaci.

Barci Da Abinci

Littafin Sarakuna na Fari sura 19 ya ba mu labarin annabi Iliya sa'ad da ya gaji har ya fid da rai a jeji. Kafin Allah ya yi masa wata doguwar magana, sai da ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ba shi abinci da ruwa, domin tafiyar da take gabansa doguwa ce. Mai bi da yake ganin kula da jiki rashin ruhaniya ne, ya koma ya sāke karanta wannan sura.

Likitoci suna cewa babban mutum yana bukatar barcin sa'a bakwai ko fiye a dare, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana. Wanda zai tashi ƙarfe huɗu, lalle ya kwanta ƙarfe tara. Wannan ba zai yiwu ba sai an ajiye waya, an rage hira, an kuma gama shirin safe tun da dare. A goge kayan mako gaba ɗaya duk lokacin da aka sami wuta, a ɗebi ruwan wanka a ajiye, a haɗa jaka da takalmi wuri ɗaya. Mai raba dare yana karatu domin ya rama lokacin da hanya ta ci, asara biyu yake yi, gama karatun ba ya zama, gobe kuma yana gyangyaɗi a gaban mai koya masa.

Kada a fita da yunwa. Ko ƙosai da kunu, ko burodi da dafaffen ƙwai, ko ɗumamen tuwo a kwano, a riƙe a ci in an isa. Abincin gida ya fi na cikin birni arha ƙwarai. Waɗansu sukan ƙi shan ruwa don tsoron fitsari a hanya, su yini da ciwon kai. A sha in an isa, a riƙa sha kuma har yamma. Ina gargaɗin matasanmu musamman a kan ƙwayoyin hana barci da na ƙara ƙarfi irin su tiramadol, waɗanda abokai sukan miƙa wa mutum da sunan taimako. Da yawa daga nan suka soma, aikin da suke so su riƙe shi ne abu na farko da suka rasa. Wanda yake tuƙa kansa ko yake hawan babur, in ya ji idonsa yana rufewa ya tsaya, domin gyangyaɗi a kan sitiyari yana kisa kamar maye.

Lokacin da ake cikin mota ma ana iya morarsa. A rubuta muhimman abubuwa a ƙananan katuna, kamar sunayen magunguna ko matakan wani aiki, a riƙa dubawa ɗaya-ɗaya. Wanda karatu a mota yake sa shi jiri, ya karanta darasin da bakinsa ya naɗa a waya, ya saurara da kunne ɗaya, ɗayan kuma yana jin abin da yake faruwa kewaye da shi. Tafiyar safe ta fi dacewa da abu mai wuya da kuma addu'a. Ta yamma kuwa a bar ta domin hutu, kada mutum ya ga laifin kansa in bai karanta komi ba.

Tsaro A Hanya

Sammako da dawowar dare suna jefa mutum cikin lokutan da miyagu suke aiki. Mazauna Abuja sun san 'yan fashin da ake kira wan-cans, waɗanda suke zuwa da mota kamar ta haya, da mutanensu a ciki kamar fasinjoji, su ɗauki mutum su ƙwace waya da kuɗi, su tilasta masa ya ba da lambar katin banki, wani lokaci su jefar da shi mota tana tafiya. Wanda ya makara yana sauri shi suka fi samu, gama ba ya tsayawa ya duba. Sauri ya haifi nawa. A shiga mota a tasha ko inda aka san direbobi, ko da za a jira. In zuciya ba ta kwanta da mota ba, a bar ta ta wuce. A aika wa wani na gida lambar motar, kada a riƙa yawo da katin da dukan albashi yake ciki, kada kuma a riƙe waya kusa da taga a cikin cunkoso. Lambar neman agaji ita ce 112.

Ba mu manta da safiyar Litinin 14 ga Afrilu 2014 ba, sa'ad da bam ya tashi a tashar Nyanya ya kashe fiye da mutum 70, yawancinsu ma'aikata ne masu sammakon zuwa aiki. Muna tunawa da su, muna kuma koyon sa ido a wurin taro. Ga 'yan matanmu masu tashi aiki da dare, shawara ita ce kada su kama hanyar Masaka ko Suleja da ƙarfe goma. Su nemi inda za su kwana kusa tun kafin ranar ta zo.

Magana Da Oga

Da yawa sukan ɓoye inda suke zaune don tsoron kada a ce ba za su iya ba, sa'an nan in sun makara su ƙago ƙarya. Yau taya ta fashe, gobe kaka ba ta da lafiya. Ƙarya ba ta dace da mai bi ba, kuma ba ta daɗewa. Ya fi kyau tun makon farko mutum ya nemi ganin shugabansa, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, ranka ya daɗe, daga wuri kaza nake zuwa, da ƙarfe kaza nake fita, ga kuma shirin da na yi don kada in makara. In akwai roƙo, ya zama ƙayyadadde, kamar a haɗa masa kwanakin aikin dare a jere, ko a tuna da shi in za a tura mutane reshen da yake kusa da gida bayan horo. Ranar da hanya ta tsaya cik, a buga waya kafin lokaci ya cika. Wanda ya yi wata biyu yana riga kowa zuwa, ba wuya a yi masa uzuri a rana ta uku da ruwa ya tsare shi.

Ku ma 'yan'uwa da Allah ya ɗora a kan kujera, akwai magana a kanku. Ba a ce ku sassauta doka don ɗan ikilisiyarku ba, gama wannan son kai ne. Amma kuna iya tambayar kowane sabon ma'aikaci, Kirista ko Musulmi, daga ina yake zuwa, ku kuma guji sa taro da ƙarfe biyar na yamma ba tare da dalili ba. A 2023 gwamnatocin jihohin Edo da Kwara sun rage wa ma'aikatansu kwanakin zuwa ofis zuwa uku a mako saboda tsadar mai. In gwamnati ta iya duban wahalar hanya, shugaban ƙaramin sashe ma yana iya dubawa.

Ɗaki Irin Na Shunem

A Littafin Sarakuna na Biyu sura 4 akwai wata mace mai arziki a Shunem wadda ta lura annabi Elisha yakan bi ta garinsu a kai a kai. Ta yi shawara da mijinta suka gina masa ɗan ɗaki a kan soro, suka sa gado da tebur da kujera da fitila. Ba wanda ya roƙe ta, ita ce ta ga matafiyi ta gane bukatarsa. Manzo Bulus ma da ya isa Koranti, a gidan Akila da Biriskilla ya zauna, suna sana'ar ɗinkin tanti tare, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 18 ta nuna. Kayan da matar nan ta sa a ɗakin su ne dai abin da mai koyon aiki yake bukata, wurin kwana da wurin karatu.

Ikilisiyoyinmu, ko ECWA ko COCIN, ko EYN, ERCC, HEKAN, Baftis, Angilikan ko Katolika, suna da majami'u a garuruwan kewaye, suna kuma da su a cikin birni. A Garki da Wuse da Asokoro akwai membobi masu ɗakin baya da ba kowa a ciki sai tsofaffin kaya. A Mararaba da Kubwa akwai masu fita kowace safiya su kaɗai a mota mai kujera biyar. Me zai hana sakataren ikilisiya ya buɗe littafi, ya rubuta masu mota da inda suke zuwa da lokacin fitarsu, ya haɗa su da matasa masu bin hanya ɗaya, a riƙa haɗa kuɗin mai? Me zai hana faston Masaka ya rubuta wa ɗan'uwansa na cikin gari wasiƙa a kan yarinyar da take kwas na wata uku? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A yi abin da tsari domin kada alheri ya zama abin kuka. Dattawa da shugabannin Zumuntar Mata su shiga tsakani, 'yan mata a sa su a gidan da akwai uwar gida, a faɗi yawan watanni tun farko. Baƙo kuma ya san shi baƙo ne, ya taimaka da aikin gida, ya kawo ɗan abin da ya samu, ya tashi in wa'adi ya cika. Ikilisiyar da take da asusun taimako tana iya ba sabon ma'aikaci rancen kuɗin motar wata na fari, gama albashin farko yakan yi jinkiri.

Akwai kuma taimakon da ba ya cin ko kwabo, watau a rage wa mai koyo kaya. Saurayin da yake isa gida ƙarfe tara ba zai iya zuwa koyon waƙa ran Talata, addu'ar tsakiyar mako ran Laraba, taron matasa ran Alhamis da kwanan addu'a ran Jumma'a ba. Kada a yi ta jifansa da habaici daga bagade cewa ya sami aiki ya manta da Allah. Shugaban mawaƙa ya ba shi hutu na watannin horo, a ziyarce shi ran Asabar, gama zumunta a ƙafa take. Shi kuma ya riƙe sujadar Lahadi da addu'arsa ta kullum, ya bar sauran Lahadin domin hutu.

Iyaye, ku ma ku duba. Yarinyar da ta fita ƙarfe biyar ta dawo ƙarfe tara, bai kamata ta tarar tukunyar tuwo tana jiranta ba alhali ƙannenta suna zaune. Maigidan da matarsa take horo ya karɓi shirya yara zuwa makaranta, wannan ba ya rage masa girma. Dangi kuma su yi haƙuri da albashin watannin farko, gama yawancinsa na direbobi ne. In Baba ko Mama suka tambaya da taushin murya, yaya hanya, sau da yawa a nan ne yaro yakan buɗe cikinsa.

Horo Yana Da Iyaka

Abin da yake ƙarfafa matafiyi shi ne sanin inda zango yake. Mai koyo ya rubuta ranar da horonsa zai ƙare ya manna a bango. Bayan wata uku ya zauna da wani dattijo da ya amince da shi su duba lafiyarsa da aljihunsa da ci gabansa a wurin aiki. In abin yana tafiya, ya daure, komi nisan dare gari zai waye. In kuwa ya rame, bashi yana taruwa, kurakurai suna ƙaruwa, to, lokaci ya yi da zai ƙaura kusa, ko ya nemi canjin wuri, ko ma ya nemi wani aikin tun yana riƙe da wannan. Yin haka ba rashin bangaskiya ba ne.

Ran Lahadi mai zuwa, sa'ad da wani matashi ya fito gaba domin godiyar sabon aiki, mu yi murna tare da shi kamar yadda muka saba. Amma in an tashi sujada, wani dattijo ko wata uwa su ja shi gefe su tambaye shi inda aikin yake, da ƙarfe nawa zai riƙa fita, da wanda zai bi. Ubangiji ya kiyaye fitar 'ya'yanmu da dawowarsu, ya kuma ba mu idon da zai ga bukatarsu. Amin.